Shamuwar da Ta Koyi Tono

A gidanmu na Ƙofar Atiku, ba a kashe wutar murhu don an sauke tuwo. Kakarmu, Inna Tumba, takan jawo 'yar kujerarta gaban garwashin, ta binne mana dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ba mai fara'a ba ce, kuma ba ta sauya murya in tana tatsuniya. Yadda take aikenmu sayen gishiri, haka take ba da labari.

Akwai tatsuniyar da ba mu so, ita kuwa ita ta fi maimaitawa. Ta wata tsohuwar shamuwa ce da iska ta karya wa fiffike ana gab da ɗaukewar damina. 'Yan'uwanta suka tashi suka bar ta a gindin tsamiya. Fadama ta bushe, kwaɗi suka ɓace. Yunwa ta kai ta juji inda kaji ke tono, ta roƙi wata kaza ta koya mata. To ƙafafunta dogaye ne, ba don tono aka yi su ba. Da ta ɗaga ɗaya sai ta kife, 'yan tsaki su yi ta dariya. Ta tashi ta sake. Kafin rani ya ƙare ta iya, ba kamar kaza ba, amma tana samun abin haɗiya.

A nan Inna take tsayawa, sai ta shiga tone dankali.

Yayata Asabe ta taɓa tambayarta, "Inna, fiffiken ya warke? Ta bi 'yan'uwanta?"

"Wa yac ce miki ya warke? Ni ban ce ba."

"To ina daɗin labarin?"

"Ba don daɗi nika ba ku shi ba, ɗiyata. Amshi dankalinki."

Na girma na gaji mahaifina a fawa, har furfura ta same ni a kanta. Bara, ina cikin datsa ƙashi a kasuwa, sai wuƙa ta suɓuce mini. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye mini ɓarin jiki na dama. Ƙafa ta dawo a hankali, hannu bai dawo ba. Mutane suka yi ta zuwa dubiya suna ba ni haƙuri, ina amsawa. Ban yi kuka ba, ban yi fushi ba. Yadda hannun yake, haka zuciyar take, in an taɓa ba na ji.

Wata safiya matata Hajara ta ajiye katako a gabana da tsokar nama, ta riƙe mini gefe.

"Malam, gwada da hagun."

Ni da aka sha dukana ina yaro don na miƙa hagu. Na ɗauki wuƙar, ta zame. Na sake, na yanke wa Hajara yatsa. Ta ɗaure shi da ƙyalle, washegari ta sake kawo katakon. Haka muka yi watanni. Ba zan ce ƙarfin hali ba ne. Gari ne yake wayewa, ni kuma ba ni da wani abin yi.

A cikin watannin nan na riƙa tuna Inna. Da ina yaro na ɗauka mantawa take yi da ƙarshen tatsuniyar. Yanzu ina ganin iya inda ta sani ta ba mu, ta ƙi ta ƙara mana da ƙarya. Ban taɓa tambayar abin da ya karye mata a rayuwa ba, kuma waɗanda suka sani duk sun rasu.

Kwanan nan na koma teburina. Wata mata ta sayi nama, ta ɗaga yanka ɗaya tana juyawa.

"Baba, wannan yankan ai a karkace yake."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya. Ɗan koyo ne ni."

Ta dubi farin gemuna ta tuntsire da dariya, ta ɗauka wasa nake. Na naɗe mata naman da hagu, na jawo cinya ta gaba.