Tomke Ubben da Sitiyarin da Ya Cije

Tomke Ubben ba mace ce mai sauƙin sha'ani ba, wannan ko masu ƙaunarta ba sa musu. 'Yar Hamswarf ce gaba da baya, a gaɓar tekun arewacin Jamus, kuma a gidan da ke bayan madatsar ruwa aka haife ta. Mahaifinta Remmer jagoran jiragen ruwa ne, cikin mutanen nan da ƙaramin jirgi ke kai su bakin kogi, su hau tsanin igiya, su tsaya kusa da baƙon kyaftin suna nuna masa hanya don kada ya ɗora jirginsa kan tudun yashi. Tun tana makaranta ta ce aikin nan za ta yi. Aka yi dariya har aka gaji. Ta tafi teku ta daɗe, ta kai matsayin kyaftin a wani jirgin dakon katako, sannan ta dawo gida da furfura ɗai-ɗai ta nemi shiga ƙungiyar jagorori.

Lokacin Remmer ya riga ya rasu. Wanda ya tsaya mata tsayin daka shi ne amininsa, Eilert Poppinga, dattijo mai faɗin kafaɗa da son raha, wanda tun tana rarrafe take kiransa Kawu. Da wasu suka fara ƙunƙuni cewa tsanin igiya ba na mata ba ne, shi ya buga tebur ya ce duk wanda bai yarda ba ya zo su hau tare da ita a ranar iska. Shi ya koya mata inda yashi ke ƙaura bayan guguwar hunturu, da yadda ake lallaɓa kyaftin ɗin da bai yi barci ba. Ko da ta zama cikakkiyar jagora, “yarinya” yake ce mata, ita kuma ba ta yarda kowa ya kira ta haka ba sai shi.

Abin ya faru ne wata Alhamis da hantsi a watan Satumba, gari garau, babu hazo babu iska. An ba ta wani tsohon jirgi da ya kawo taki a farkon makon, zai fita da alkama. Suka sauko kogi lafiya har kwanar da ake kira Gwiwa. A gefen hanya, inda doka ta yarje masa, wani masunci, Okke Saathoff, yana cikin ɗan jirginsa yana jan komarsa ta jatan lande. Tomke ta ce a karya dama. Mai riƙe da sitiyari ya murza, jirgi bai ji ba. Ya sake murzawa, hancin jirgin yana nan ɗoɗar, ya nufi Okke.

Duk abin da ake yi ta yi. Ta ce a juya inji baya, a saki anka, a danna oda, ta fizgi oba-oba tana kiran sunan Okke. Amma jirgin da ke maƙare da alkama ba ya tsayawa don an tsawata masa. Tana tsaye tana kallo ya murƙushe bayan ɗan jirgin kamun kifin kamar gwangwani. Abokin aikin Okke ya faɗa ruwa aka tsamo shi lafiya. Okke kuwa hannunsa na dama ya maƙale tsakanin injin jan koma da ƙarfen gefen jirgi, kuma a asibiti aka ƙarasa yanke shi daga gwiwar hannu.

Doka ta ɗora wa jagora ya kai rahoton duk hatsarin da ya faru, da wanda ya kusa faruwa aka tsira, da duk wata matsala da ya gani a jikin jirgi, kuma nan take. Tomke ta kai nata tun ƙafarta ba ta taka ƙasa ba. Sai dai ko da masu bincike suka hau jirgin, sitiyari ya saki, yana juyawa sumul. Kyaftin ya rantse bai taɓa ba shi matsala ba, ya ce jagorar ce ta makara wajen ba da umarni. Aka dakatar da ita daga aiki sai an gama bincike.

Hamswarf ƙaramin gari ne. In ta shiga gidan burodi sai hira ta mutu. Wata mata da suka yi aji ɗaya ta tsallaka titi don kada su gaisa. Waɗanda suka yi ƙunƙuni a da suka samu bakin magana, suna cewa da ma sun faɗa. Tomke ta daina cin abinci sosai, kullum tana sake auna kwanar nan a ranta, har ta fara zargin kanta ko da gaske ta makara.

Ran Lahadi da la'asar Eilert ya zo duba ta, da kyafaffen kifi a naɗe cikin takarda. Ta dafa shayi, ta jefa masa dunƙulen sukari a kofi, ta zuba, ta ɗiga madara a kai. Ya kurɓa, ya yi ta lallashinta, yana cewa duk wanda ya san ta ya san ba ta makara. Yana cikin ba ta haƙuri ne maganar ta fito, shi a ganinsa kwantar mata da hankali yake yi.

“Ki bar damun kanki, yarinya. Wancan tarkacen jirgin ai ni na shigo da shi ran Litinin. Ni ma sai da sitiyarin ya cije min a ƙasan Gwiwa, na ɗan lokaci, sannan ya saki.”

Tomke ta ajiye butar shayin a hankali. Ta tambaye shi wa ya gaya wa.

Nan ne fuskarsa ta sauya. Ya ce ai babu abin da ya faru, hanya fayau take a ranar. Ya ce kyaftin ɗin ya roƙe shi kamar zai yi kuka, wai in aka tsare jirgin kamfani zai kore shi, ga 'ya'ya a makaranta, kuma ya yi alkawarin za a gyara kafin su tashi. Ya ce in jagora zai kai rahoton kowane tari da jirgi ya yi, tashar nan sai ta koma wurin kiwon tumaki.

“Kawu Eilert, ka gan ni ran Laraba a ofis. Ka san ni aka ba jirgin. Har ka tambaye ni ko na gyara rufin gidana.”

“Na ɗauka sun gyara.”

“Ka ɗauka. To yanzu da ka ga hannun Okke fa? Ka ji ana cewa ni na makara, kana zaune.”

Ya sunkuyar da kai, ya ce saura masa 'yan watanni ya yi ritaya, ta dubi girman zumuncinsa da mahaifinta. Ita kuma ta miƙa hannu ta ɗauke kofin daga gabansa da shayin a ciki. A garin nan ba a yi wa baƙo haka, ko maƙiyi ne. Ta ce ya je da kansa ya faɗa, ta ba shi kwanakin makon nan, in bai je ba ita za ta je.

Bai je ba. Abin da ya yi shi ne ya turo matarsa da kek.

Sai Tomke ta sa rigar aikinta ta tafi wajen shugaban jagorori. Mutumin ya saurare ta yana wasa da tabarau, sannan ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce bincike zai wanke ta ko ba da wannan ba, in ta yi haƙuri. Ya ce Eilert ya yi wa kogin nan hidima tun ita ba ta san hagu da dama ba, kuma irin wannan magana a cikin gida ake kashe ta. Ta tambaye shi ko Okke ma ɗan cikin gidan ne. Ya ce ta cika zafi. Daga nan ba ta koma gida ba, kai tsaye ta wuce wajen masu bincike ta maimaita musu abin da aka faɗa a kan teburinta.

Da aka titsiye Eilert bai yi ƙarya ba, wannan kam a ba shi. Da kyaftin ya ji haka shi ma ya sauko ya faɗi gaskiya. Aka kwance injin sitiyarin aka tarar da wani bawul da ya ci ya cinye, yana cijewa idan mai ya yi zafi. Aka wanke Tomke, aka mayar da ita bakin aiki da takarda mai layi biyu, ko sannu babu a ciki. Eilert aka ja masa kunne, ya ajiye aiki kafin lokacinsa.

Sai ga abin da har yau in an tuna mata take ajiye cokali. Ƙungiya ta shirya wa Eilert liyafar ban kwana, da makaɗa, da ganyen kabeji da tsiren alade, aka yi ta jawabai kan mutumin kirki da aka yi wa butulci a ƙarshen aikinsa. Ba a gayyace ta ba. A ɗakin jiran aiki aka laƙa mata suna Gidan Rediyo. In ta shigo sai wani ya ce, “Ku yi shiru, an buɗe tasha,” a ƙyalƙyale da dariya. Mutumin da ya yi shiru har wani ya rasa hannu shi aka yi wa kiɗa, wadda ta buɗe baki ita ce ba a zuba wa shayi.

Ba ta sassauta ba, sai ma ta ƙara. Fitilar da ta mutu, inji da ya yi gardama, jirgin da ya gifta wani da tazarar da ba ta kwanta mata ba, har kuskurenta na kanta, duk sai ta kai. Wakilan kamfanoni suna jin sunanta sai su dafe kai. Wasu abokan aikin sun koma kai rahoto kamarta a hankali, ba tare da sun ce daga wajenta suka gani ba.

Okke ya buɗe rumfar sayar da burodi da kifi a bakin tasha, yana yanka da hannun hagu. Wata rana ta hango Eilert zaune a bencin rumfar suna hira har da dariya. Ta jira ya tafi, sannan ta ƙarasa, ta tambayi Okke yadda yake iya zama da mutumin da ya jawo masa wannan.

Okke ya ci gaba da shafa man shanu. “Shi ya zo gidana ya yi kuka, Tomke. Ke kuma kin zo asibiti kin yi min bayanin bawul.”

“Da ya yi magana ran Litinin, da ba ka buƙaci kukansa ba.”

“Na sani,” in ji Okke. “Da albasa ko babu?”

Ta ce da albasa. Ta karɓa ranta a ɓace, ta cinye nan a tsaye, don an kira ta aiki kuma ruwan teku ya fara cikowa.