Littafin da ya hana ɗiyata kitso

"Inna, ni ba a taɓa min kai."

Ɗiyata Hadiza ke nan, gaban mai kitso, ana jibi bikin ƙanwata a Tsibiri.

Laifina ne. Tun tana ƙarama nake tsorata ta da tatsuniyar Girkawa da na karanta a lakwal, ta matar nan mai macizai a maimakon gashi. Duk yarinyar da ta ƙi kitso haka kanta ke komawa, in ji ni. Shekara goma wannan ƙarya na yi min aiki.

Sai na sayo mata sabon littafin da aka rubuta wa matasa a kan wannan tatsuniya. Ashe marubucin ya mai da dodon ’yar makarantar lise mai ƙawaye! Jarumin da ya kamata ya fille mata kai kuwa, haƙuri ya zo ba ta, har da kuka. Shafi bayan shafi ana ta fahimtar juna. Ko macijin kirki guda babu mai sara.

Na ce, "Hadiza, zauna."

Ta ce, "Littafin ya ce gashinta ’yancinta ne. Demokaraɗiyya muke yanzu."

Haka muka isa Tsibiri, kai kamar sheƙar shamuwa. Uwata Hajiya na bakin zaure. Kallo ɗaya ta yi wa Hadiza. Hadiza ta sandare, ta durƙusa, ta miƙa kai da kanta.

Girkawa sun ce kallon matar can ke mai da mutum dutse. Ba su san Hajiya ba. A gidanku wa ke da irin wannan ido?