Ranar Da Kawu Ya Farke Cikin Jirginsa

Da hantsin ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Mayu, matarka Inna ta kira ni a waya da wata murya da ban san ta da ita ba. Ta ce, "Kawunka ya tafi." Na zauna a kan matakalar ofis ina nanata abin da bawa kan faɗa idan mutuwa ta ratsa gidansu: na Allah ne mu, kuma komai nisan tafiya wurinSa za ta ƙare. An ce ka shiga shago lafiya lau, ka durƙusa za ka duba injin wani firiji, sai ka dafe ƙirji. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Kawu, tun da aka rufe ka mutane ke tare ni da labarinka. Mai kantin magani ya ce ranar da firijinsa ya tsaya kana kwance da zazzaɓi, amma ka taso kana rawar sanyi don kada alluran mutane su lalace. Ni kuwa ba sai an ba ni labari ba. Kai ka riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, kuma ban taɓa jin kalmar maraya ta fito daga bakinka ba. Sai dai akwai yini guda da nake so in rubuta, domin a gabana aka yi, kuma kai ba ka yarda a yi zancensa in kana wurin.

Kowa ya san ka da gyaran firiji, kowa kuma ya san ka da ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa da rimot. A cikinsu akwai guda da ka yi shekaru kana ginawa, kwaikwayon wani tsohon jirgin dakon kaya. Ka ƙanƙanta shi daidai wa daida, har tagogi da ƙofofi da layin ƙusoshin jikinsa. Faɗin fikafikansa ya fi mutum ya buɗe hannuwa biyu. Ko Inna ba ta isa ta goge masa ƙura ba. Mahaifiyata, yayarka, takan tsaya a ƙofar shago ta ce, "Auta, gemu duk furfura, har yanzu ba a yaye ka daga wasa ba?" Sai ka yi dariya ka ce, "Yaya, kishi kike yi, don ke ba a saya miki ba."

A daminar bara waccan kogi ya cika ya batse, ya tafi da gada. Gidan Umma, mahaifiyata, yana tsallake. Maƙwabta suka haye da ita benen makarantar firamare, su da yawa, ruwa ya zagaye su ta ko'ina. Ruwan allurarta ta ciwon suga yana cikin firiji a gida, gidan kuwa rufinsa kawai ake hange.

Da safiyar kwana na biyu wata nas maƙwabciyarta, wadda ke tare da su a benen, ta kira ni. Ta ce Umma na ta amai, ƙishirwa ba ta barin ta, kuma maganarta ta fara sarƙewa. Likita ya ce in ba a yi mata allura a yinin nan ba, tana iya shiga dogon suma. Na samo maganin, muka ruga bakin kogi ni da kai. Shugaban masu ceto ya nuna mana kwalekwalensu mai inji da ruwa ya kifar jiya, ya nuna itatuwa da kwanukan rufi suna wucewa kamar an harbo su. Ya ce ba zai sake jefa mutanensa ba sai ruwan ya lafa. Ban ga laifinsa ba. Amma ga makarantar can muna kallon ta, fari tas a tsakiyar jan ruwa, ga kwalbar magani a aljihuna.

Ka daɗe kana kallon tsallake. Can ka karɓi wayata ka tambayi nas, "Baiwar Allah, ruwan da ke tsakar makarantar, gudu yake ko kwance?" Ta ce kwance yake, katanga ta tare shi. Ka miƙo mini wayar ka ce, "Mu je shago."

Ban gane nufinka ba sai da ka sauko da jirgin nan ka kifa shi a kan tebur. Cikin jiragenka shi kaɗai ne zai iya ɗaukar kaya ya keta iskar kogi, amma tayoyi gare shi, kuma babu busasshiyar ƙasa ko taku ɗaya a tsallake. Ka kwance tayoyin, ka ɗauki ƙaramin zarto ka ɗora a cikinsa. Na riƙe hannunka na ce, "Kawu, in ya faɗa kogi fa?"

Ka ce, "To ya faɗa. Riƙe mini wutsiyar."

Ka farke shi tun daga hanci har tsakiya. Ka ɓaro farin soson nan mara nauyi daga bangon wani mataccen firiji, ka sassaƙa shi kamar cikin kwalekwale, ka manna. Ka cire injin daga hanci ka ɗaura shi a kan wani ɗan turke bisa fikafikai, don kada farfela ta sari ruwa. A ƙarshen kowane fiffike ka ɗaure ƙaramar gorar roba. Batir da wayoyi ka naɗe a leda ka toshe kowace kafa da gam. Inna ta tsaya tana yi wa gam ɗin fifita da murfin kwali, bakinta na motsi da addu'a. Wayata na ta ruri, ni kuma ina tsoron ɗauka.

Bayan azahar muka kai shi filin ƙwallo da ke gaɓar kogi, wanda ya koma tafki. Ka ƙi sa maganin a gwajin farko, ka sa dutse mai nauyinsa. Jirgin ya taso a guje yana feshin ruwa, ya ci rabin fili, ya ci sauran, ya ƙi ɗagawa. Saura kaɗan ya daki turken raga ka kashe injin. A daidai lokacin nas ta kira ta ce Umma ta daina amsa sunanta sosai.

Ka shiga ruwa har gwiwa ka ɗauko shi, ka kifa a cinyarka. Ka ce, "Ruwa ne ke tsotsar cikinsa. Sai an ba iska hanya." Ka zaro wuƙa ka yanke wani ɗan mataki a tsakiyar cikin, yadda rabin baya zai ɗan ɗage daga ruwa. Wuƙar ta zame ta shiga babban yatsanka, yatsan da kake tuƙi da shi. Ka naɗe da salatif ka ci gaba. A gwaji na biyu ya tashi, amma hancinsa na ta cilla sama kamar doki mai tutsu. Da ƙyar ka sauko da shi. Ka tura batir gaba, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu har ya tsaya daidai. Batir mai caji guda ya rage, wuta kuwa babu a gari. Ka dube ni ka ce, "Babu sauran gwaji. Kawo maganin."

Na naɗe kwalbar da sirinji a jiƙaƙƙen ƙyalle, ka cusa, ka liƙe. Ka yi bisimilla.

Har gobe ina jin ƙarar injin nan. Ya ruga, ya saki ruwa, ya haura saman kogi. Iska ta buge shi ya karkata har muka ga cikinsa, taron da ke bayanmu ya saki salati gaba ɗaya. Kai ko gezau, yatsunka kawai ke motsi, jini na bin gefen rimot. Jirgin ya yi ta ƙanƙancewa, daga girman shirwa ya koma kamar tsattsewa.

Matsalar ita ce ginin makarantar ya tare mana tsakar filin. Dole ka sauke shi inda idonka ba ya gani. Na ƙara muryar waya na riƙe ta kusa da kunnenka, nas na tsaye a taga tana faɗa maka. "Ya yi sama da yawa! Baba, akwai itace, akwai itace!" Ka ɗaga shi ka sake kewayowa. Ƙarar injin ta fara raunana, ko ni da ban san komai ba na ji. Ka ce da ita a hankali, "'Yata, kada ki yi ihu. Ki ce sama ko ƙasa kawai." Ta ce ƙasa. Ta sake cewa ƙasa. Jirgin ya ɓace a bayan rufi, ka kashe injin. Muka ji ihun mutane a waya, sai layin ya yanke.

Na kira, ba ta shiga. Na sake kira, shiru. Ka tsaya riƙe da rimot kamar har yanzu akwai abin tuƙawa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Da wayar ta yi ƙara, shugaban masu ceto ne ya riga ni dannawa. Nas ta ce fiffike ɗaya ya daki sandar tuta ya karye, amma jirgin bai nutse ba, maza sun jawo shi da sandar labule.

Ka ce, "Kwalbar fa?"

Ta ce, "Ga ta a hannuna, ko tsagewa ba ta yi ba."

Sai a lokacin ka zauna daɓas a cikin laka, ka rufe fuska da hula.

Nas ta yi wa Umma allurar, kafin magariba ta buɗe ido ta nemi ruwa. Da kogi ya lafa aka kwaso su, aka dawo maka da jirginka a buhu. 'Yan jarida sun zo nemanka ka sulale ta ƙofar baya. Abin da ka yi kawai shi ne ka ƙera wa masu ceto wasu guda biyu masu sauka a ruwa, ka yi ta zuwa kowace Asabar kana koya musu tuƙi har suka iya.

A zaman makoki Umma ta jira sai da rana ta yi sanyi. Ta kira ni ta ce, "Ni na goya shi. Shi ya kamata ya kai ni makwanci, ba ni in ga an kai shi ba." Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ya Allah, Auta bai bar ni a tsallake ba. Kada Ka bar shi a kan Siraɗi."

Ni ma abin da nake roƙo ke nan, Kawu. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi, Ya sa ciwon da ya ɗauke ka ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta yi haƙuri da ƙamshin gam da ƙurar katako tsawon zamanku, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan sana'arka, da masu ceton da suka ɗauki makararka a kafaɗunsu. Umma kuwa, Allah Ya ba ki juriyar rashin ƙane. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen, Ya haɗa mu da shi a Aljanna. Amin.