Rabin Awar da Ta Hana Ni Wakilcin Ƙanena

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar ɗaurin auren ƙanena a Maraɗi, domin ranar ce ilimina ya kunyata ni a gaban dangi. Lokacin ban daɗe da fara koyar da kimiyya a wata sakandare a Jibiya ba, kuma gaskiya kaina ya kumbura. Ko shayi za a dafa sai na kawo lissafi.

Mahaifinmu ya rasu, don haka ni ne zan tsaya wakilin ango in karɓa masa aure da ƙarfe sha ɗaya na safe. Ƙanen nawa da kansa ya roƙe ni, ya ce ba ya son kowa ya zauna a gurbin Baba sai ni.

Ana jajibiri, kawunmu, wani dattijon ɗan kasuwar hatsi da ya tsufa a kan hanyar nan, ya ce gobe mu kama hanya tun hantsi bai yi ba. Na ɗauko biro na yi masa bayani: tafiyar kusan kilomita hamsin ce, motar abokina kuwa tana zuba ɗari a awa, ka ga rabin awa ke nan. Ya dube ni ya ce, "Malam, tahiyar Maraɗi awa ukku ce, ko da jirgi ka zo." Na yi dariya a raina, na ce tsoho bai san boko ba. Washegari da ƙarfe bakwai ya haye wata tsohuwar babbar motar gero mai tafiya tana nishi, ni kuwa na tsaya jiran guga da karin hula.

Ƙarfe goma muka tashi. Abokina ya taka mota, allura ta hau ɗari, ina ta murmushi. Ko minti biyar ba mu yi ba muka tarar da jerin manyan motoci a bakin iyaka. Aka duba takardun mota a ɓangarenmu, muka tsallaka, 'yan duwan, wato kwastan ɗin can, da jandarmomi su ma suka duba nasu, kowa da layinsa. Muna fita sai garken shanu ya cika titi, makiyayin yana tafe abinsa ko a jikinsa. Can gaba mai ya yi ƙasa, muka tsaya aka ɗura mana na jarka. Duk inda hanya ta buɗe abokina sai ya ƙara wuta, amma agogo bai tausaya mana ba. Gumi ya jiƙa sabuwar shaddata sharkaf.

Sha biyu da rabi muka isa. Mutane na watsewa, kowa da goro a hannu, an naɗe tabarmi. Kawu ne ya karɓi auren, tun goma yana zaune. Ƙanena bai yi mini faɗa ba, ya dai riƙe hannuna ya ce ya yi ta waiwayen ƙofa har aka shafa fatiha. Wannan maganar ta fi mini zagi ciwo, har yau ina jin ta.

Kawu ya miƙo mini goro ya ce, "Mi lissahin ya ce yanzu? Allurar mota gudu take ƙirgawa, ba ta ƙirga tsayuwa."

A hanyar dawowa na sake lissafin: kilomita hamsin cikin awa biyu da rabi, ashirin ke nan a awa. Abin da nake koyarwa a allo ne, matsakaicin gudu: dukan nisan tafiya a raba da dukan lokacin da ta ci, har da layi da shanu da jarka. Na san shi a takarda, Kawu ya san shi a hanya.

Tun daga ranar, in zan yi tafiya ba na tambayar gudun mota. Wanda ya saba bin hanyar nake nema, in tambaye shi awa nawa take ci, kuma abin da ya faɗa shi nake bi.