Mai Gadin da Sharhabil Ya Bar Mana

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, bayan la'asar, aka kira ni aka ce Sharhabil Ja'afaru ya rasu, bayan jinyar kwana tara.

Sharhabil, shekara shida kana kula da manhajar ƙaramin asibitinmu na Unguwar Dosa, ni kuma ina riƙe da ɗakin kati. Ban manta ranar da na zo maka raina a ɓace ba: wata baiwar Allah ta ji sakamakon gwajinta a bakin maƙwabta kafin likita ya gaya mata. Na ce ina so duk wanda zai buɗe bayanan majinyaci a fara tantance shi, a kuma rubuta sunansa. Ƙofofin buɗe bayanan a cikin manhajar sun haura ɗari biyu. Na zaci ɗaya bayan ɗaya za ka bi su.

Ka yi murmushi ka ce, "Yaya Harira, in na bi su da hannu wallahi sai na tsallake wata. Zan sa manhajar ta riƙa duba kanta. Duk ƙofar da ta ga alamata a kai, sai ta tsayar da mai gadi a bakinta. Shi kuwa mai gadin, sau ɗaya zan rubuta shi."

Na ce, "Ashe ita ma tana muhasaba." Ka ce wannan sunan ya fi wanda Turawa suka sa wa dabarar daɗi.

Tun daga ranar, sirrin kowa bai sake fita daga wurinmu ba. Ni kaina sai ta tambaye ni ko ni wace ce.

Makon jiya Zakariyya, wanda aka ɗauka ya ci gaba da aikinka, ya ƙara shafin masu juna biyu. Na buɗe, manhajar ba ta tambaye ni komai ba, don bai sa alamarka a kai ba. Ya ce duban kan nan yana sa manhajar nauyi, shugaban asibiti ma ya yarda a cire shi gaba ɗaya. Ban ɗaga murya ba, ka san halina. Na dai ce ba zan sa hannu a cire shi ba, kuma bayanan matan nan za su zauna a katin takarda, a kulle da kwaɗo, har sai alamar ta hau shafin. Zakariyya mutumin kirki ne. Jibi zan kai masa littafin bayanan da ka bari mu zauna. Ban iya rubuta manhaja ba, amma na san inda alamar take zama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya Ladidi, da matarka Sa'adiya da 'ya'yanku. Allah Ya ba su haƙuri. Kai kuma Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri ranar hisabi yadda ka rufa wa matan da ko sunanka ba su sani ba. Amin.