Takardar da Malam Ishaku ya hana ni

Bana shekara goma sha tara da rasuwar Malam Ishaku, kuma har yau ban iya wuce Kasuwar Shanu ta Gamboru ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Mutumin kudancin Borno ne, akawu a ɗakin karatun makarantarmu, mazaunin unguwar Wulari. A ƙarshen zamanin soja, lokacin ina ɗalibi, shi ke kula da kwamfuta ɗaya tilo da aka jona wa layin tarho. Tsohuwa ce, ba ta iya buɗe shafin intanet mai hotuna ko mai motsi. Sai ya aika adireshin shafin ta imel zuwa wata na'ura a ƙasar waje, bayan kwana ɗaya ko biyu rubutun ya dawo tsirara, babu ado. Ya adana a faifai, ya rubuta ranar a jiki. Dokarsa ɗaya ce: takarda ba ta fita sai ya samo wata majiya ya gwada su. Mun sa masa suna Alƙali, don ba ya karɓar shaida guda.

A wata damina ciwon sammore ya shiga shanun Baba. Dukiyar gidanmu ke nan kaf. Baba ya sayi magani wurin wani ɗan kasuwa mai shigo da kaya daga Chadi, rubutun kwalbar duk Faransanci. Ya miƙo mini ya ce, “Modu, kai ne ɗan boko. Gano mana awon allurar.”

Na kai wa Malam kwalbar, ya aika neman shafin maganin. Shafin ya iso bayan kwana biyu. Ga sunan maganin, ga gargaɗi, amma inda jadawalin awo ya kamata ya fito, fili ne fari. Malam ya ce wannan ɓangaren sai shafin ya yi aiki da kansa yake bayyana, imel ba ya ɗauko shi. Ya duba faifansa ya sami wani tsohon kwafi mai jadawali, na shekara biyu baya.

Na ce ya buga mini. Ya girgiza kai.

“Ɗana, wannan tsohon labari ne. Ba ni kwana uku in tambayi wani likitan dabbobi.”

“Malam, shanu ba su san kwana uku ba.”

“To allurar ta san su ne?”

Da ya fita cin abinci, na zauna na kwafe jadawalin. Na ja layi da rula, na duba kowace lamba sau biyu. Ban kuskure ko ɗigo ba. Baba ya ɗaga takardar yana nuna wa abokan sana'arsa, yana cewa ku dubi rubutu kamar na inji.

Ranar da amsar likitan ta zo, an riga an yi allurar. Tsohon jadawalin na magani mai sauƙin ƙarfi ne, namu kuwa ya ninka shi ƙarfi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Kwana biyu ana jan gawar shanu a bayan gidanmu.

Malam ya zo jaje. Baba ya nuna masa takardar, yana tsine wa mai maganin, wai jabu ya sayar masa. Malam ya karanta, ya dube ni sau ɗaya, ya ce Allah ya mayar da alheri. Bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kowa da waya a hannu. Shafi ya ƙi buɗewa, sai a turo hotonsa, babu rana, babu asali, an yanke sama an yanke ƙasa. Makon jiya a unguwar Ajilari na ga wata uwa a kemis tana nuna irin wannan hoton, tana neman maganin jaririnta. Mai kemis ya duba ya miƙa mata. Rashin sani ya fi dare duhu, amma rabin sani ya fi ba ni tsoro, don shi da fitila yake zuwa. Na bi ta har bakin titi, duk da kunyata, na roƙe ta ta fara zuwa asibiti. Ta dube ni kamar mahaukaci. Ban san ko ta je ba.

Abin da ya rage mini na Malam ke nan: rashin natsuwa da shaida guda, da shirun da ya rufa mini asiri da shi. Na farkon zan riƙe. Na biyun ya yi mini nauyi. Baba ya rasu yana ganin laifin ɗan kasuwar nan, mutane suka guje wa rumfar mutumin har ya tashi. Idan yana raye, ko 'ya'yansa na karanta wannan shafi, su sani maganinsu ba jabu ba ne. Ni na rubuta takardar.