Kundin Kaka a Bakin Murhu

Yayana ne ya miƙa kundin Kaka aka hura wuta da shi, kuma a cikin kundin nan hoton mahaifiyarmu yake, wanda babu wani bayan shi a duniya. Da ɓarawo ne ko gobara da tuni na haƙura. Amma yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, da hannunsa, da rana tsaka. Na faɗa maka tun farko don kada ka zaci labarin daɗi na zo da shi.

Har yau in na wuce inda aka jiƙa ƙaro, ko a zauren malami ne mai haɗa tawada, sai gabana ya faɗi. Ƙamshin ba shi da ƙarfi, ɗan tsami-tsami ne kamar na itacen da aka sare da safe, amma yana ɗauke ni ya ajiye a ɗakin Kaka a Gyadi-Gyadi, ina zaune a kan tabarmar kaba, ita kuma ta miƙe ƙafa da reza a hannu.

Kaka ita ta haifi mahaifiyarmu, ita kuma ta riƙe mu bayan rasuwarta. Ni a lokacin ban ma iya tafiya sosai ba, yayana kuwa ya riga ya shiga firamare. Mahaifinmu direban babbar mota ne, sai a yi wata da watanni ba mu gan shi ba. Kaka ba ta san ko harafin boko ɗaya ba, amma ba ta yar da takarda. Katin ɗaurin aure, katin awon jarirai na asibiti, tikitin jirgin ƙasa na marigayi mijinta, takardar jikin kwalbar turaren da aka kawo mata tsarabar Makka, duk tana liƙa su a wani babban littafi da ta ɗinka da kanta. Shi take kira kundi. Duk bikin da aka yi a dangi kuwa sai ta yanki ƙyalle kamar tafin hannu daga ankon ta manna, don haka in ka buɗe kundin kamar ka shiga shagon atamfa ne na mutanen da rabinsu sun mutu.

A lokacin ana ta gine-gine daga wajenmu har Tarauni, to ni take aika in roƙo mata buhun siminti na takarda wurin magina. Takardar ciki take zarewa, mai tsabta, ta kakkaɓe, ta goge da busasshen tsumma, ta shimfiɗa ƙarƙashin katifa har ta miƙe. Sannan ta ninka, ta huda da basilla, ta ɗinke da zaren buhu. Bangon kwalin sabulu ne da ta naɗe da tsohon zaninta.

In kana son ka yi irinsa, ga abin da na gani da idona. Kada ka liƙa da koko ko sitaci, abincin kyankyaso ne da gara, za su cinye maka har takardar. Ƙaro za ka jiƙa ya narke, ka tace da ƙyalle, ka shafa da gashin kaza, kaɗan, a gefe-gefe kawai. Da reza ake yanka a kan katako, almakashi yana karkata hannu. Kada ka yi liƙi da damina, takarda tana shan sanyi ta yi kumburi ta fara wari. Ka tara kayanka a gwangwani har rani. Tsakanin shafi da shafi ka sa busasshen ganyen darbejiya, ka ajiye littafin a adaka, adakar kuma a kan bulo. Hoto kuwa ba a shafa masa komai. Tsaga huɗu take yi a jikin shafin, ta cusa kusurwoyin hoton a ciki, ya zauna daram, kuma ana iya zare shi da yatsa biyu.

Ni ne marubucinta. Karatuna bai yi nisa ba, aji biyu na sakandare na tsaya, amma rubutun ƙarƙashin kowane abu nawa ne, da biro, a karkace. Tana faɗa ina rubutawa.

"Kai mijin banza," in ji ta, "wannan rubutu ne ko kaza ce ta bi ta kai?"

"To ki karɓa ki rubuta da kanki mana, tsohuwa."

"Na sake ka. Gobe zan nemo mai hannu."

Lissafin shekarunta da sojoji take yi. Duk wanda ya hau mulki sai ta sa a samo mata hotonsa a jarida ta manna, abin da ya faru a gidanmu a zamaninsa kuma ya biyo baya. Takan nuna ta ce, wannan mai gashin bakin, a hawansa aka yi auren uwarku. Wannan mai murmushin, a zamaninsa aka haife ka. Shafin da ke bin wannan shi ne na mahaifiyarmu. Ɗan ƙaramin hoton fasfo ne baƙi da fari, da ta ɗauka lokacin da ta so shiga ajin yaƙi da jahilci na matan aure. A gefensa akwai ƙyallen zanin da ta fi so, ruwan ganye da ɗigo-ɗigo. In mun zo shafin Kaka ba ta wasa. Takan bar ni in duba, ita kuma ta kau da kai ta kama gyara ganyen darbejiya, sai ta ce, "Ya isa, rufe, iska na shiga."

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, yayana ya zama saurayi, ya kuma samu ubangida, wani mai neman kujera a yankinmu. Aikinsa manna fosta. Da bokitin sitaci da tsintsiya yake yawo, bangon Gyadi-Gyadi babu wanda bai shafa ba, har katangar asibiti. Ragowar fostocin a ɗakin Kaka yake jibgewa, ɗauri-ɗauri a bayan ƙofa. Ya taɓa kawo mata ɗaya ta sa a kundi. Ta juya ta, ta duba mutumin da babbar rigarsa, ta miƙa masa abinsa.

"Bari mu ga ko za su daɗe tukuna. Ba na ɓata ƙarona."

Ba ta ga daɗewarsu ba. An rantsar da su da farkon damina, ruwa bai yi nisa ba ta kwanta, ciwon bai ɗauki lokaci ba ta cika.

Ranar sadakar uku aka tashi da ruwa. Itacen da aka sayo duk ya jiƙe, mata sun kafa manyan tukwane a bayan gida, hayaƙi kawai ke tashi, ga mutane sun cika ƙofar gida ana jiran abinci. Ni an aike ni Unguwar Gano aron tabarmi. Abin da ya faru a bayana gwaggona ce ta faɗa mini daga baya. Matan suka yi ta kiran a kawo takarda ko kwali. Yayana ya shiga ɗakin Kaka. Fostocin nan suna nan jibge, busassu, sun isa su dafa abincin unguwa guda, zaɓe kuma ya riga ya wuce. Wata ta ce masa ya ɗebo su. Ya ce a'a, ubangidansa zai zo gaisuwa, in aka ga fuskarsa a murhu me zai ce? Sai ya buɗe adaka ya ɗauko kundin, ya ce ga tarkacen tsohuwa nan, ai mai shi ta tafi.

Takardar siminti da ƙaro da busasshen ganye. Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin abin da ya kama wuta da sauri haka ba. Shafi-shafi suka riƙa yagowa suna turawa ƙarƙashin tukwane, ba wanda ya tsaya dubawa, kowa na sauri.

Na dawo da tabarmi a ka, jiƙe sharkaf, da yunwa. Aka zuba mini shinkafa da wake na cinye tas. Da na kai kwanon bayan gida ne na ga bangon a jingine da dutsen murhu, zanin Kaka a jikinsa, ciki babu komai sai zaren ɗinki yana reto. Na tona tokar da hannu, da zafinta. Na samu wani guntun ƙyalle da ya ƙone rabi, ba ma nata ba ne, na ankon bikin wata ce. Hoton da yatsa biyu ake zare shi. Ko daƙiƙa ba zai ci masa ba.

Da na je masa ina kuka, yana tsaye a ƙofar gida yana jiran motar ubangidansa. Ya ce in ɓace masa da gani, mutane na kallo.

Abin da ya fi ci mini rai ban san shi ba sai daga baya. Na ɗauka fuskar tana kaina, tunda na kalle ta ba adadi. Shekara ta zagayo, na rufe ido in gan ta, sai na ga ɗankwalin, na ga ramuka biyu na inda aka taɓa maƙala hoton, na ga shuɗin hatimi a kusurwar ƙasa. Tsakiyar kuwa fari fat. Har yau haka take zuwar mini. Wani lokaci ina tuƙa adaidaita, mace ta tsayar da ni a bakin asibitin koyarwa sanye da zani ruwan ganye, sai in kasa daina kallon madubi, har ta tsargu ta ja mayafi. Na tambayi gwaggo kafin ta rasu, ta ce ai kyakkyawa ce. Na tambayi mahaifinmu, ya ce Allah ya ji ƙanta. Yayana kaɗai ya rage wanda ya zauna a cinyarta da wayonsa, shi kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Yanzu ina da nawa kundin a Darmanawa inda nake haya. Buhun siminti ya koma leda, sai takardar zane nake saya, amma ƙaro nake jiƙawa kamar yadda ta yi. 'Ya'yana suna dariya, wai ga waya, me za a yi da liƙe-liƙe. Wayar uwarsu da aka fizge a kasuwa da hotunan sunan autarmu ta tafi. Ni duk hoton da ya shiga kundina sai na wanke biyu, ɗaya na kai gidan surukaina. In za ka ɗauki shawara ɗaya daga bakina, wannan ce: kada abin da ba shi da na biyu ya kwana a wuri ɗaya, kuma ka faɗa wa mutanen gidanka da bakinka abin da ke ciki tun kana da rai.

Bana yayana ya samu kujerar Makka. Yana Babban Giji yanzu, da gidansa da motarsa, siyasa ta karɓe shi. Ka san al'ada, mai tafiya yakan zaga dangi neman yafiya. Da la'asar ya zo, ya tarar da ni a ƙofar gida ina wanke adaidaita. Na shimfiɗa masa tabarma. Bayan gaisuwa ya ce, "To ƙanina, tafiya ta zo. Rai a hannun Allah yake. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Na ce, "Yaya, faɗa mini kamannin Inna."

Ya yi 'yar dariya. "Haba, kai har yanzu maganar takardun nan?"

"Ban ce takarda ba. Kamanninta na tambaye ka."

Ya gyara hula. Ya ce doguwa ce. Sannan ya ce ko dai don yana yaro ne yake ganinta doguwa. Ya ce fara ce, ya sake cewa a'a, kamar dai Kaka. Na ce tana da wushirya? Tana da tsaga a kumatu? Ya daɗe yana kallon ruwan sabulun da ke gangarawa kwata.

"Wallahi an daɗe," in ji shi.

Na ajiye soson na zauna daf da shi, don kada yara su ji.

Na ce, "Yaya, dukan da ka yi mini na yafe. Makarantar da aka cire ni kana kallo, na yafe. Wannan kuwa ba zan yi maka ƙarya ba kana shirin zuwa ɗakin Allah, ban yafe ba. Duk shekarun nan ina jin haushinka ne don na ɗauka ni kaɗai ka raba da ita, kai tana nan a kanka. Ashe har rabonka ka tura a murhu. Ka je, Allah ya kai ka lafiya. In ka tsaya a Arfa ka roƙi Allah ya nuna maka fuskar uwarka. In ka dawo da ita ka zo ka faɗa mini, sai mu yi maganar yafiya."